REZISTIN: SINADARIN KITSE DA TURJIYAR JIKI GA INSULIN

1.0 Gabatarwa

A al'adar Bahaushe, ƙiba alama ce ta wadata da kwanciyar hankali. Idan ɗan manomi daga Gantsa, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Buji, ya sami aikin ofis a Dutse, bayan 'yan shekaru ya zo gida da teɓa, 'yan uwa sukan yi masa barka, su ce birni ya karɓe shi. Ba kasafai ake tambayar abin da wannan kitse yake aikatawa a cikin jiki ba, domin a ganin mafi yawan mutane kitse ajiya ce kawai, kamar hatsi a rumbu. Har masana kimiyya ma sun daɗe a kan wannan fahimta.

Daga shekarar 1994 zuwa yau, bincike ya nuna cewa kitse yana fitar da sinadarai masu yawa zuwa cikin jini, kuma waɗannan sinadarai suna da tasiri a kan cin abinci da yadda jiki yake sarrafa suga. Wannan babi zai yi bayani a kan ɗaya daga cikinsu, wato rezistin. Za a duba yadda aka gano shi, da gwaje-gwajen da aka yi a kansa, da gyaran da aka yi wa fahimtar farko, da hanyar da ake bi wajen auna shi. Daga ƙarshe za a kawo abin da ya kamata malami ya kula da shi idan zai isar da irin wannan ilmi cikin harshen Hausa.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Kafin a shiga cikin bayani, ya dace a fayyace kalmomi huɗu waɗanda za su riƙa maimaituwa.

2.1 Ƙwayar halitta: Ita ce mafi ƙanƙantar tubalin da aka gina jiki da shi, kuma ba a ganin ta sai da madubin likita. Kowace gaɓa tana da irin nata ƙwayoyin. Akwai ƙwayoyin hanta da na tsoka da na jini, akwai kuma ƙwayoyin kitse masu adana maiƙo.

2.2 Homon: Sinadari ne da wani sashe na jiki yake fitarwa, jini ya ɗauke shi ya kai shi wani sashe domin ya isar da umarni. Matsayinsa a jiki kamar na ɗan aike ne.

2.3 Insulin: Homon ne da ake samarwa a fankiriyas, wata gaɓa da take kwance a bayan tumbi. Wasu sukan kira ta saifa, amma saifa gaɓa ce daban mai aiki daban. Idan mutum ya ci tuwo ko shinkafa ko ya sha fura, abincin yakan narke ya zama sugan da ake kira gulukos, ya shiga jini. Insulin ne yake umartar ƙwayoyin tsoka da na kitse su karɓi wannan suga, yake kuma hana hanta ƙara sako wani sugan a cikin jini. Frederick Banting da Charles Best ne suka fara tace shi a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada a shekarar 1921.

2.4 Turjiya ga insulin: Yanayi ne da insulin yake nan a cikin jini, amma ƙwayoyin jiki ba sa amsa umarninsa yadda ya kamata. Ana iya kwatanta insulin da mabuɗi, ƙwayar halitta kuma da ɗaki mai kwaɗo. Idan kwaɗo ya yi tsatsa, mabuɗi yana hannu amma ƙofa ba ta buɗuwa cikin sauƙi. A wannan hali fankiriyas takan ƙara yawan insulin domin ta cike giɓin. Takan yi shekaru tana wannan ƙoƙari, har ta gaza, sai suga ya taru a jini. Wannan ita ce babbar hanyar da ciwon suga nau'i na biyu yake kama mutum. Likitan Ingila Harold Himsworth ne ya fara bambance masu ciwon sugan da jikinsu yake amsa insulin da waɗanda jikinsu yake turjewa, a shekarar 1936.

3.0 Yadda Aka Gane Kitse Yana Aika Saƙo

Likitoci sun daɗe da lura cewa masu ƙiba, musamman masu tumbi, sun fi kamuwa da ciwon suga nau'i na biyu. Abin da ya ɓuya shi ne hanyar da kitsen ciki yake bi har ya shafi hanta da tsoka.

Amsar farko ta fito ne daga ɓeraye. A shekarar 1949 aka ga wasu ɓeraye a Cibiyar Bincike ta Jackson da ke Amurka masu ci ba ƙoshi, waɗanda suke yin ƙiba fiye da kima, kuma wannan hali na gado ne. A shekarar 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller ta birnin New York suka gano ƙwayar gadon da ta lalace a jikin waɗannan ɓeraye. Ita ce take da alhakin samar da wani homon da ƙwayoyin kitse suke fitarwa, wanda yake sanar da ƙwaƙwalwa cewa ajiyar jiki ta wadata. An sa masa suna leftin, daga wata kalmar Girkanci mai nufin siriri. A shekarun 1995 da 1996 kuma aka gano adifonektin, wanda shi yana taimaka wa insulin ne, kuma yawansa yakan ragu idan mutum ya yi ƙiba.

Da waɗannan bincike biyu ya tabbata cewa kitse gaɓa ce mai fitar da homon. Saboda haka masana suka shiga neman wani homon na kitse wanda zai kasance shi ne yake hana insulin aiki.

4.0 Gano Rezistin

A watan Janairu na shekarar 2001, mujallar kimiyya ta Nature ta wallafa sakamakon binciken da Claire Steppan da abokan aikinta suka gudanar a ɗakin binciken Farfesa Mitchell Lazar na Jami'ar Pennsylvania a Amurka. Dabarar da suka yi amfani da ita tana da sauƙin fahimta. A lokacin akwai wani maganin ciwon suga mai suna rosigilitazon, wanda aka san yana rage turjiya ga insulin, kuma yana aiki ne a kan ƙwayoyin kitse. Sai suka yi tunanin cewa idan har akwai sinadarin da kitse yake fitarwa mai jawo turjiya, to wannan magani yana rage shi. Suka raini ƙwayoyin kitsen ɓera a cikin faranti, suka zuba wa wasu maganin, suka bar wasu, sannan suka kwatanta. A nan suka ci karo da wani ƙaramin furotin da maganin yake danne samar da shi. Suka raɗa masa suna rezistin, ta hanyar haɗa guntayen kalmomin Ingilishi biyu masu nufin turjiya da insulin.

Domin su tabbatar da zatonsu, sun gudanar da gwaje-gwaje iri uku:

(i) Sun auna rezistin a jinin ɓeraye, suka tarar ya fi yawa a jinin masu ƙiba, ko ƙibar ta gado ce ko ta cin abinci mai maiƙo.

(ii) Sun yi wa lafiyayyun ɓeraye allurar rezistin, sai jikinsu ya rage iya kwashe suga daga jini.

(iii) Sun yi wa ɓeraye masu ƙiba allurar wani sinadarin garkuwa mai kama rezistin ya hana shi aiki, sai sugan jininsu ya sauka, insulin ya ƙara tasiri.

Waɗannan matakai uku su ne ƙa'idar irin wannan bincike: a auna abu, a ƙara shi, a kuma cire shi, sannan a ga abin da zai faru. A shekarar 2004 wannan ɗakin bincike ya ƙara mataki na huɗu, inda aka samar da ɓerayen da aka cire wa ƙwayar gadon rezistin gaba ɗaya. An tarar sugan jininsu bayan sun kwana ba ci ya yi ƙasa da na sauran ɓeraye, domin hantarsu ba ta sako suga da yawa. Ke nan, a jikin ɓera, hanta tana cikin manyan wuraren da rezistin yake aiki.

5.0 Bambancin Ɓera da Ɗan Adam

Labarin gano rezistin ya bazu a duniya, mutane da yawa suka ɗauka an sami igiyar da ta ɗaure ƙiba da ciwon suga, saura kawai a haɗa maganin da zai tsinke ta. Amma Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Tun a cikin shekarar 2001 masu bincike a Ingila da Swidin suka duba ƙwayoyin kitsen mutane, suka tarar rezistin ɗin da suke samarwa kaɗan ne ƙwarai, a wasu ma ba a gan shi ba. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa a jikin ɗan Adam wasu fararen ƙwayoyin jini ne, masu aikin yaƙi da cuta, suka fi samar da shi. Bugu da ƙari, ginin furotin ɗin ya bambanta. Na mutum yana da tubala 108 na amino asid, na ɓera yana da 114, kuma kamar da ke tsakaninsu ba ta wuce kusan kashi 60 cikin 100 ba.

Wannan bambanci bai rushe binciken ba, ya dai sauya masa alƙibla. An gano cewa idan kitse ya yi yawa, waɗannan fararen ƙwayoyin jini sukan kutsa cikinsa su taru, su haifar da wani ɓoyayyen kumburi wanda mutum ba ya ji kuma ba ya gani, amma yana raunana aikin insulin. A shekarar 2009 ɗakin binciken Lazar ya samar da ɓerayen da aka cire wa nasu rezistin, aka dasa musu na mutum a cikin fararen ƙwayoyin jininsu. Da aka ciyar da su abinci mai maiƙo, kumburin kitsensu ya ƙaru, turjiyarsu ga insulin ta tsananta. Wannan ya nuna cewa rezistin na mutum yana iya kaiwa ga turjiya, amma ta hanyar kumburi.

Dangane da mutane kuwa, sakamakon bincike ya sha bamban. Wasu masu bincike sun sami alaƙa tsakanin yawan rezistin a jini da turjiya ga insulin, wasu kuma ba su samu ba. Alaƙarsa da alamomin kumburi da cututtukan zuciya da jijiyoyin jini ta fi fitowa fili. Saboda haka, fiye da shekara 20 bayan gano shi, rezistin yana matsayin abin bincike ne. Likitoci ba sa dogara da shi wajen gano ciwon suga, kuma babu maganin da ake bai wa marasa lafiya wanda aka haɗa musamman domin shi.

6.0 Yadda Ake Auna Rezistin a Ɗakin Gwaje-gwaje

Mai binciken da yake son sanin alaƙar rezistin da turjiya ga insulin a tsakanin wata al'umma, misali mazauna ƙauyukan Buji da ma'aikatan Dutse, zai bi waɗannan matakai:

(a) Neman izni: Sai kwamitin kula da ɗa'ar bincike ya amince, sannan a yi wa kowane mutum bayani da harshen da yake ji, ya yarda don kansa.

(b) Awon jiki: Ana auna tsawo da nauyi da faɗin ƙugu da bugun jini.

(c) Ɗibar jini: Ana ɗiba da safe, bayan mutum ya yi aƙalla awa 8 bai ci komai ba.

(d) Tace jini: Ana sa kwalbar a na'ura mai juyawa da sauri, sai ƙwayoyin jini su kwanta a ƙasa, ruwan jini mai launin rawaya ya taso sama. Wannan ruwa ake adanawa a firiza mai sanyin digiri 20 ko 80 ƙasa da sifiri. Idan wuta ta ɗauke ya narke ya sake daskarewa sau da yawa, awon zai iya ɓaci, shi ya sa tsayayyiyar wutar lantarki take cikin sharuɗɗan aikin.

(e) Gwajin ELISA: Wannan hanya ce da Eva Engvall da Peter Perlmann suka bayyana a ƙasar Swidin a shekarar 1971. Ana amfani da farantin roba mai ƙananan ramuka 96, waɗanda aka shafe da sinadarin garkuwa mai kama rezistin kaɗai. Ana ɗiga ruwan jinin kowane mutum a raminsa, a jira, a wanke, sai rezistin ya maƙale sauran abubuwa su tafi. Daga nan a zuba sinadari na biyu mai manne wa rezistin, a sake wankewa, a ƙara wani ruwan da yake rikiɗa ya zama shuɗi. Idan aka tsayar da aikin da ruwan asid, shuɗin yakan koma rawaya. Gwargwadon yawan rezistin, gwargwadon turuwar launin. Wata na'ura ce take haska ramukan ta auna launin, a kwatanta da na ramukan da aka zuba wa rezistin wanda aka riga aka san adadinsa. Ana bayar da sakamako da ma'aunin nanogiram a kowace mililita, nanogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram.

(f) Lissafin turjiya: Hanya mafi sauƙi ita ce HOMA, wadda David Matthews da abokan aikinsa na Jami'ar Oxford suka wallafa a shekarar 1985. Ana ninka adadin sugan jini da adadin insulin, sannan a raba da 22.5. Misali, mutumin da sugansa yake 5.0, insulin ɗinsa 9, sakamakonsa 2.0 ne. Wanda sugansa yake 6.0, insulin ɗinsa 15, sakamakonsa 4.0 ne. Na biyun jikinsa ya fi turjiya, ko da yake sugansa bai kai 7.0 ba, wato iyakar da ake ce wa mutum yana da ciwon suga idan an auna kafin karin kumallo.

Bayan an kammala, sai a jera sakamakon rezistin da na HOMA na dukkan mutanen, a duba ko suna hawa da sauka tare.

7.0 Dangantakar Binciken da Ƙasar Hausa

Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 manya miliyan 537 ne suke da ciwon suga a duniya, miliyan 24 daga cikinsu a yankin Afirka, kuma fiye da rabin na Afirka ba su san suna da shi ba. A shekarar 2018 Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi a sassan Nijeriya, suka ƙiyasta cewa kusan kashi 5.8 cikin 100 na 'yan ƙasa suna da ciwon, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa, inda Jihar Jigawa take, kimanin kashi 3 ne. Tun a shekarar 2005 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, A. G. Bakari da G. C. Onyemelukwe, suka wallafa bincike a kan turjiya ga insulin a tsakanin masu ciwon suga nau'i na biyu. Haka kuma binciken da Anas Sabir da abokan aikinsa suka yi a Sakkwato ya nuna cewa ciwon ya fi yawa nesa ba kusa ba a tsakanin Fulanin birni a kan Fulanin karkara.

Wannan sakamako na Sakkwato ya shafi Jigawa ta tsakiya kai tsaye. Tun da Dutse ta zama babban birnin jiha a shekarar 1991, jama'a da yawa daga Buji da Kiyawa da Birnin Kudu suka sauya salon rayuwa. Wanda a da yake wuni a gonar gero ko gyaɗa da fartanya, yake tafiya kasuwa a ƙasa, yanzu yana wuni a kujera, yana hawa babur, abincinsa ya koma farar shinkafa da burodi da taliya da lemon kwalba. Tsokar da ba ta aiki ba ta jan suga sosai, rarar kuma takan zama kitsen ciki, wanda shi ne ya fi haifar da kumburin da aka yi bayani a baya. Akwai kuma ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasu mata suke sha, musamman gab da aure. Wasu daga cikinsu dangin deksametazon ne, magungunan da aka tabbatar suna jawo turjiya ga insulin, suna kuma ɗaga sugan jini. Ya kamata kuma a sani cewa rama ba kariya ba ce, domin ana samun marasa ƙiba da ciwon suga nau'i na biyu.

Mutumin Buji ba ya buƙatar awon rezistin kafin ya san matsayinsa. Gwajin sugan jini ya wadatar, kuma ana yin sa a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni da ke Dutse, da ƙananan asibitocin da suke da 'yar na'urar da ake ɗiga wa jini daga yatsa. Yawan fitsari da ƙishirwa da kasala da rama ba dalili da gyambon da ya ƙi warkewa duk alamomi ne da suke wajabta zuwa asibiti. Jinkiri yana iya kaiwa ga makanta ko ciwon ƙoda ko shanyewar ɓarin jiki ko yanke ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako ga manya, kuma bincike ya tabbatar da cewa rage nauyi da motsa jiki suna rage turjiya ga insulin.

8.0 Abin Lura ga Malamin Hausa

A ƙauye, malamin makaranta yana cikin waɗanda ake kawo wa takardar asibiti ya karanta, ake kuma tambaya a kan abin da aka ji a rediyo ko aka gani a waya. Saboda haka akwai abubuwa biyu da ya kamata ya kiyaye.

Na farko shi ne zaɓen kalma. A wannan babi an bi hanyoyi uku na samar da kalmomin fannu. An yi aro tare da hausantarwa, kamar rezistin da leftin da furotin. An yi fassara mai bayani, kamar ƙwayar gado da sinadarin garkuwa. An kuma faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma, kamar turjiya, wadda asalinta dabba ce ta kafe ƙafa ta ƙi tafiya idan ana jan ta. Duk hanyar da malami ya bi, wajibi ne ya tsaya a kan kalma ɗaya ga ma'ana ɗaya, kada ya kira fankiriyas saifa, ko ya kira ƙwayar halitta ƙwayar cuta.

Na biyu shi ne auna ƙarfin magana. Jumlar "rezistin yana haddasa ciwon suga" da jumlar "rezistin yana da alaƙa da turjiya ga insulin" ba ɗaya ba ne. Haka kuma "an gani a jikin ɓeraye" daban yake da "an tabbatar a jikin mutane". Mai fassarar da ya yar da waɗannan 'yan kalmomi ya sauya ma'anar binciken, kuma ta irin wannan ƙofa ce masu tallar magani suke shiga, su sayar wa marar lafiya abin da ba a gwada ba, har ya bar maganin da likita ya ba shi.

9.0 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa kitse yana fitar da homon irin su leftin da adifonektin, kuma an gano rezistin a shekarar 2001 a ƙwayoyin kitsen ɓera. An ga cewa a jikin ɓera yana raunana aikin insulin, a jikin mutum kuwa fararen ƙwayoyin jini ne suka fi samar da shi, kuma aikinsa ya fi karkata ga kumburi. An kuma bi matakan auna shi a ɗakin gwaje-gwaje, tun daga neman izni har zuwa lissafin HOMA. Bincike a kan rezistin yana ci gaba, amma alaƙar kitsen ciki da zama wuri ɗaya da ciwon suga nau'i na biyu tabbatacciya ce, kuma ita ce ya kamata malami ya isar wa ɗalibansa da iyayensu.

10.0 Tambayoyin Bita

1. Yi bayanin turjiya ga insulin ta amfani da wani misali daga rayuwar karkara wanda ba na mabuɗi da kwaɗo ba.

2. Kawo gwaje-gwaje uku da aka yi wa ɓeraye a binciken shekarar 2001, tare da abin da kowanne ya nuna.

3. Fayyace bambanci biyu tsakanin rezistin na ɓera da na ɗan Adam.

4. Lissafa sakamakon HOMA na mutumin da sugansa yake 4.5, insulin ɗinsa kuma 10.

5. Tsamo kalmomin fannu 6 daga wannan babi, ka faɗi hanyar da aka bi wajen samar da kowace.

6. Rubuta sakin layi ɗaya da za a iya karanta wa taron iyayen yara a kan haɗarin shan ƙwayoyin sa ƙiba.